Wayar da Baba Ya Zare

Kwamfutar asalinta ta Yayana ce, wanda ke aiki a wani shagon buga katunan biki a cikin birnin Kano. Shekarar da na gama kwalejin horar da malamai aka ɗauke ni koyarwa a firamaren garinmu, wani ƙauye a ƙasar Kunci, ya zo gida Sallah ya dire mini ita a kan tabarma. Ya ce shi ya yi sabuwa, wannan kuwa ta ishe ni buga tambayoyin jarrabawa. Laftof ce baƙa mai nauyin gaske, haruffa biyu sun goge a kan madannanta saboda yawan taɓi. Ya haɗo mini da wata tsohuwar firinta da linzami mai igiya, wato maus. Abu ɗaya ya ja mini kunne a kansa: batirinta ya mutu murus, idan aka zare caja ko minti biyu ba ta yi.

Garinmu babu wutar gwamnati. Abin da muke da shi faifan sola ne guda biyu a saman kwanon zaurenmu, da wani ƙaton batirin mota da 'yar inbata a ƙarƙashin teburin Baba. Baba manomi ne kamar kowa a garin, amma kuma shi ne mai gyaran rediyo da tocila da fanka, da rani kuma har injin ban ruwa ake kawo masa daga fadama. A zauren yake aiki, a nan kuma maƙwabta ke kawo cajin waya. Da kwamfutar ta zo, shi ya ja waya daga zaure ta bi ta saman katanga har ɗakina. Iyakar abin da ya haɗa shi da ita ke nan. Shekara guda da rabi tana gidan bai taɓa sa mata hannu ba. Idan ya leƙo ya ga ina aiki, sai ya tsaya daga bakin ƙofa ya ɗan kalla, ya ce, “Sannu da aiki, uwata,” ya wuce. Haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Abin ya faru ne wata Asabar a tsakiyar damina, gero ya kai gwiwa, ana ta maimai. Saura kwana tara a fara jarrabawar ƙarshen shekara. Na gama buga tambayoyin ajina, da na wasu malamai uku da suka kawo mini nasu a rubuce da hannu, saura kawai in fitar a takarda. Makonni ke nan kwamfutar na nuna mini wani saƙo a kusurwa, wai an fito da sabon zubi na babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda duk sauran abubuwa a kanta suke zaune. Kullum sai in ce mata sai an jima. Ranar dai ina da data a wayata, rana kuma ta buɗe tun safe, ni kuma ina son in ga me sabon ya ƙunsa. Na haɗa ta da wayar, na danna.

Ta daɗe tana sauke abin. Wajen azahar ta kashe kanta ta kunna, allon ya koma shuɗi, wasu ɗigo-ɗigo suna zagaye, a ƙasa an rubuta da Turanci cewa kada a kashe ta. Lamba tana hawa a hankali. Na yi salla na dawo na tarar da ita a talatin da wani abu. Da ta kai sittin da ɗaya sai na ji Inna tana ƙwala mini kira daga tsakar gida. Hadari ne ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska har ta fara kaɗa shanya. Na fita a guje, muka kwashe kaya, muka shigar da ɓarzajjen hatsin da ta baza a tabarma, muka kora awaki cikin rumfa.

A daidai lokacin Baba ya shigo daga gona da fartanya a kafaɗa. Shekarun baya tsawa ta taɓa ƙone masa inbata, tun daga ranar kuwa da ya ji cida, abu na farko da yake yi shi ne ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya zare wayar da ke kan batiri, komai na gidan ya mutu. Kowa ya san wannan, har ni. Mantawa kawai na yi.

Da na koma ɗaki allon ya yi baƙi.

Ruwa ya ɗauke bayan la'asar, Baba ya mayar da wayarsa, na kunna. Tambarin kamfanin ya fito, ɗigo-ɗigon suka fara zagaye, na ce alhamdulillahi. Sai allon ya yi wal, wani dogon rubutu ya bayyana ya ɓace kafin in karanta, ta mutu, ta sake kunna kanta. Tambari, ɗigo-ɗigo, rubutu, duhu. Na zauna ina kallo ta yi haka sau bakwai.

Na je zaure na tsuguna na faɗa wa Baba. Ya ajiye rediyon da ke hannunsa, ya ce in sake faɗa masa tun daga farko, a hankali. Da na zo wurin da aka rubuta kada a kashe ta, ya shafa gemu.

“To ai ni na kashe ta ke nan,” ya ce.

“Laifina ne, Baba. Ban faɗa maka tana aiki ba.”

“Ba laifi muke nema ba yanzu. Ɗauko ta in gani.”

Na ɗauko ta na ɗora a kan teburinsa, tsakanin mita da gwangwanin noti. Ya wanke hannu tukuna. Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki: ya ɗaga ta ya kai hancinsa wurin da iska ke fita, ya shinshina. Ya taɓa cajar ya ji ɗuminta, ya zare ta ya auna bakinta da mita, ya gyaɗa kai. Daga nan ya ce in kunna, ya kara kunnensa a jikinta kamar mai sauraren cikin kankana.

“Babu abin da ya ƙone,” ya ce. “Fankarta na juyawa. Akwai kuma wani abu a nan gefen dama da ke yin ƙas-ƙas. Mene ne shi?”

Na ce ina jin ma'ajiyarta ce, inda komai ke zaune, wani faifai ne da ke juyawa a ciki. Ya tambaye ni shi wannan sabon zubin da take yi, me ake zubawa, a ina kuma ake zuba shi. Na buɗe baki na ga ashe ban sani ba sosai. Na dai ce kamar tana ɗauke tsofaffin umarnin da take bi ne tana ajiye sababbi a wurinsu, wutar ta yanke tana tsaka da yi.

“Wato yanzu rabi tsoho rabi sabo.”

“Haka nake gani.”

Ya jawo littafinsa. Baba yana da wani littafin rubutu na 'yan makaranta da yake zana yadda wayoyin rediyo suke kafin ya kwance su, bayaninsa duk da ajami, lambobi kuma da boko. Ya buɗe sabon shafi, ya cire agogon hannunsa ya ajiye. Ya ce in bar ta ta yi ta zagayenta. Daga fitowar tambari zuwa mutuwarta ya ƙirga daƙiƙa arba'in da biyu. Na biyu, arba'in da biyu. Na uku, arba'in da uku, ya ce wannan idonsa ne ya yi jinkiri.

“Kin gani, uwata? Abin da ya lalace a jiki ba ya riƙe lokaci haka. Wani zubin ya yi minti ɗaya, wani zubin ya yi biyar. Wannan wuri guda take zuwa ta yi tuntuɓe. Kuma kafin ta faɗi, ƙas-ƙas ɗin nan yana tsayawa. Akwai abin da take nema a wurin ba ta samu.”

A nan tsoron da ke cikina ya ɗan ja baya, son sani ya shigo. Na ɗauki wayata na saita kyamara, na jira rubutun nan mai saurin ɓacewa, a karo na uku na kama shi. Wata doguwar kalma ce da manyan haruffa da lambobi. Baba ya sa ni na kwafe ta a littafinsa. Ya ce idan rediyo ya zo masa da ciwon da bai gane ba, yakan cire duk abin da aka jona masa, ɗaya bayan ɗaya. Muka zare linzami, muka kunna. Babu canji. Ya rubuta. Muka cire mataccen batirin gaba ɗaya muka bar ta a kan caja kaɗai. Babu canji. Ya rubuta.

“Kira ɗan'uwanki,” ya ce. Baba ba ya faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne.

A gidanmu sabis ba ya kamawa sosai sai ta bayan gidan, gindin darbejiya kusa da rumbu. Can na je na tsaya a cikin laka. Yaya na tsakiyar aiki, ina jin ƙarar inji a bayansa. Ban gama bayani ba ya ce, “Ki ba direba ya kawo mini ita ranar kasuwa, a yi mata fomat.”

Na san abin da fomat ke nufi: a share komai a zuba sabo. Na ce, “Yaya, tambayoyin jarrabawar aji huɗu suna ciki. Da hotunan bikin ƙawata, da na Kaka kafin ta rasu.”

“Ba ki ajiye su a wani wuri ba?”

Na ce a'a.

Ya yi tsaki, amma tsakin tausayi ne. Ya ce to in gwada wani abu: da zarar tambari ya fito in danne maɓallin wuta har ta mutu, in yi haka sau uku a jere. A na huɗu za ta gane akwai matsala ta buɗe wani shafi na gyara. Ya ce daga nan kuma shi ma bai cika sani ba, a shagonsu fomat kawai suke yi.

Da na faɗa wa Baba ya ɗaga gira. “Kashewa ce ta jawo ciwon, kuma kashewa ce magani?” Amma ya matso da kujerarsa. A karo na huɗu kuwa ɗigo-ɗigon suka daɗe, sai ga wani shafi shuɗi mai akwatuna da ban taɓa gani ba. Shekara guda da rabi ina tare da na'urar nan ban san tana da wannan ɗaki ba. Na riƙa karanta kowane akwati ina fassara wa Baba. Ɗaya ya ce zai gyara matsalar tashi da kansa. Muka danna, ya yi 'yan mintoci ya ce ya kasa. Wani ya ce zai mayar da ita tsohon zubi. Baba ya ce wannan ne namu. Muka danna, ya fara, sai shi ma ya ce ya ci karo da matsala, ba zai iya ba. Bai faɗi wace iri ba.

Aka kira magariba, batirin gida ma ya yi ƙasa tunda rabin yinin babu rana. Baba ya rufe littafi ya ce sai gobe.

Lahadi da sassafe ya tafi gona, ni kuma na ɗauki kujera 'yar tsugunne na koma gindin darbejiya da wayata. Na rubuta doguwar kalmar nan na nema. Ashe mutane da yawa a duniya sun faɗa irin ramin da na faɗa, kowa na ba da labarinsa, wasu na zagin na'urar, wasu na zagin juna. Turancin wasu ya fi ƙarfina. Amma na tsinci abu biyu. Na farko, a cikin akwatunan nan akwai wanda ke buɗe wani baƙin allo da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Na biyu, wani ya ce daga baƙin allon ana iya kiran 'yar manhajar rubutu, idan kuma aka ce mata ta buɗe fayil, za ta nuna duk abin da ke cikin ma'ajiya, har a iya kwafe shi zuwa filash. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai. Ba don haka aka yi manhajar ba, wani ne kawai ya zauna ya lura.

Baba ya dawo da hantsi, ko wanka bai yi ba ya ce ina muka tsaya. Muka buɗe baƙin allon. Babu hoto, babu akwati, sai wani ɗan layi fari yana ƙyaftawa. Baba ya san haruffan boko daga jikin kayan rediyo, don haka shi ya riƙe wayata da gilashinsa na ƙara girma yana karanto mini ɗaya bayan ɗaya, ni ina bugawa. Manhajar rubutun ta buɗe. Na ce mata ta nuna fayil. Na shiga ma'ajiyar da ke da harafin C, inda na san kayana suke tun ranar da aka ba ni kwamfutar.

Babu komai a ciki sai wasu 'yan tarkace biyu da ban san su ba.

Na ce, “Baba, sun tafi.”

Ya leƙo. Ya nuna allon da ƙaramin sukudireba. “Wannan na ƙasa fa, mai D?”

“Ai ba ni da D.”

“To ga shi kuwa.”

Na danna. Sai ga su: foldar jarrabawa, foldar hotuna, har da wata wasiƙar neman canjin aji da na fara rubutawa ban gama ba. Daga baya na karanta cewa a wannan shafin na gyara haruffan sukan sauya wuri, amma a lokacin ji na yi kamar an dawo mini da abin da ɓarawo ya ɗauka. Na soka filash ɗina, na kwafe jarrabawa tukuna, sannan hotuna. Inna ta shigo da kwanon fura ta tarar da mu kai a haɗe, ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin Malam ya bar fura ta jira shi ba. Ta tambaya ko an gyara. Na ce a'a, amma an fitar da kayan. Ta ce to ai shi ke nan, a bar ta ta huta mana. Baba ya ce, “Ba mu san abin da ya same ta ba tukuna.”

Muna shan furar ne ya lura da wani abu. A ƙarƙashin harafin D akwai wani dogon layi, ya cika taf, kuma ja ne, alhali na filash ɗina shuɗi ne bai kai rabi ba. Ya ce a kayan wuta dai ja ba ya nufin alheri. Na duba lambobin da ke ƙasansa, sai na ga ma'ajiyar ta cika, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Na yi mamaki, domin kayana duka sun shige ɗan filash guda. Muka shiga bin folda ɗaya bayan ɗaya muna duba nauyinta. Muka ga wata babba da sabon zubin ya ƙirƙira ya tara tsohon a ciki, wannan muka bar ta. Can a wani lungu muka ga wata mai suna ƙwallo. Wasanni ne cikakku, na awa biyu-biyu, sun fi arba'in, Yaya ya tara tun yana saurayi.

“Shi ya sa ta kasa komawa,” in ji Baba. “Ko ni idan tebur ya cika ba na iya kwance rediyo. Sai da wurin ajiye noti.”

Na koma gindin darbejiya. Yaya ya yi dariya har da tari, sannan ya fara roƙo. Wai akwai wasa uku a ciki da ba a samun su yanzu ko'ina. Na ce filash ɗina ba zai ɗauki ko ɗaya ba. Ya ce in ba shi Baba. Na kira Baba ya zo gindin darbejiyar na miƙa masa wayar, suka gaisa, ban ji me Yaya ya ce ba, na dai ji Baba ya ce, “Wanda ya ci a wancan lokacin ai shi ne dai zai ci ko ka sake kallo.” Ya miƙo mini. Yaya ya ce in goge, amma kada in taɓa foldar zanen katunansa.

Na goge. Foldar ta ci gaba da zama a wurinta kamar ban yi komai ba. Na sake gogewa, ta ce babu abin. Sai da na fita na sake shiga na ga ta ɓace, layin kuma ya koma shuɗi. Muka sake danna akwatin komawa tsohon zubi, muna da tabbacin an gama. Ya ɗan fi daɗewa a wannan karo, sannan ya ce ya kasa.

Baba ya rubuta. Bai nuna damuwa ba, har kamar ya ji daɗi. Ya ce ciwo biyu ne ke nan, mun warkar da ɗaya. Na koma kan wayata, na ga inda aka ce idan wuta ta yanke kwamfuta na tsakiyar rubutu a ma'ajiya, lissafin da take riƙewa na inda kowane abu yake yakan rikice, kuma akwai umarnin da ke sa ta bi ma'ajiyar kaf ta daidaita shi. Amma an yi gargaɗi cewa yana iya cin awanni, kuma kada a kuskura wuta ta yanke. Baba ya leƙa waje ya dubi sama, ya dubi mitar batirinsa, ya ce ba yau ba. Duk wanda ya kawo cajin waya da yammacin nan ya ba shi haƙuri.

Litinin kafin in tafi makaranta muka buga umarnin. Karon farko ta ƙi karɓa. Muka duba harafi-harafi, ashe tazara ɗaya na manta tsakanin kalma da harafin D. Baba ya ce lallai ba ta da sassauci. Da na gyara, rubutu ya fara gangarowa fari a kan baƙi, lambobi na hawa. Ya ce in tafi, shi yau ba zai je gona ba.

Ranar ban san me na koyar ba. Wajen sha ɗaya ina cikin aji na hango hadari ta taga, daga arewa, har da walƙiya. Na san Baba, na kuma san abin da tsawa ta taɓa yi masa. Ana tashi na kamo hanya cikin yayyafi, ta tsakanin gonakin gyaɗa, takalmina a hannu.

Na tarar da shi zaune a gaban kwamfutar, allon na nan da haskensa. Ya cika shafi guda da lambobi da lokutansu. Ya ce akwai inda ta tsaya cak fiye da awa ɗaya, har ya ɗauka ta mutu a tsaye, amma da ya kara kunne ya ji ƙas-ƙas ɗin na nan, sai ya ƙyale ta.

“Hadarin fa, Baba?”

Ya nuna bango. Wayoyi biyu da ke saukowa daga faifan sola suna reto, ya kwance su. Wayar batiri kuwa tana nan a jone.

“Da na ji cida na durƙusa zan zare, sai na tsaya na tambayi kaina, ta ina tsawar ke shigowa? Ta sama ce, ta kan kwano. Batiri yana ƙarƙashin tebur, me ya haɗa shi da ita? Sai na cire na saman kawai.” Ya girgiza kai yana murmushi. “Shekara nawa ina sa ku zama a duhu duk ranar ruwa.”

Kafin la'asar kwamfutar ta gama. Ta rubuta cewa ta sami kurakurai ta gyara. Na rufe baƙin allon na sake kunna ta, Baba ya ɗauki agogo. Arba'in, arba'in da biyu, arba'in da biyar, hamsin. Ɗigo-ɗigon ba su tsaya ba. Sai wani sabon rubutu ya fito, wai tana warware canje-canjen da aka yi. Ko akwatin ba mu danna ba, ita ta kama hanyarta da kanta. Ta mutu ta tashi sau biyu. A na uku sai ga hoton da na sa a fuskarta tun bara, awakin Inna a kan tarin harawa. Na yi guɗa ban sani ba. A ranar na buga tambayoyin duka, na kai wa kowane malami nasa har gida.

Na ɗauka an gama, na ma yi niyyar ba zan sake taɓa saƙon nan ba har abada. Baba ne bai yarda ba. Ya ce yana son ya ga ƙarshen lambar, daga sittin da ɗaya zuwa ɗari me ke faruwa. Amma kafin nan ya roƙi in ba shi mataccen batirin. Ya ɓanɓare robarsa da wuƙa a hankali, sai ga batura shida dogaye a jere, irin waɗanda yake gani a cikin manyan tocila. Ya auna su, biyu sun mutu, huɗu da sauran rai. Ya nemo biyu daga wata fitilar caji da allonta ya fashe, ya liƙa su da dalma, ya naɗe da salatif. Bai yi kyan gani ba, kuma sai an danna shi da ƙarfi yake shiga. Amma ya riƙe ta minti hamsin.

Da aka yi hutu, wata Laraba da gari ya waye tas, na kwafe komai a filash, muka danna. Muka zauna tun hantsi, yana gyaran wata fanka da ido ɗaya a kan allo. Da ta zo sittin da ɗaya ya ajiye fankar. Ta wuce. Ta kai ɗari, ta gaishe ni da Turanci, ta ce in ɗan jira. Sabon zubin bai bambanta da tsohon sosai ba, an dai matsar da wasu abubuwa, launuka sun ɗan yi haske. Baba ya ce, “Duk wannan wahalar a kan wannan?” Na ce wai akwai gyare-gyare a ciki da ido ba ya gani. Ya ce to.

Sai da na zo buga takardar sakamako na gane firinta ta daina aiki. Sabon zubin bai san ta ba, ta tsufa. Mako uku ina nema a gindin darbejiya kafin in samo 'yar manhajar da ke haɗa su, ita ma ba tata ba ce, ta wata firinta ce ƙanwarta da aka yi daga baya. Ta karɓa, tana bugawa lafiya. Sai dai duk lokacin da na tura mata aiki, takan fara fito da farar takarda guda babu komai a kai, sannan ta buga abin da aka sa ta. Mun canza igiya, mun canza takarda, mun gwada da safe mun gwada da yamma. Yaya ya ce a yi mata fomat. Baba yana ganin tana gwada hanya ne kafin ta ɗauki kaya, ni kuma ina zargin wani wuri ne a cikin saitinta da ban kai gare shi ba. Ya ware wa abin shafi uku a littafinsa, na huɗu ya fara, kuma har yau ba mu gano dalili ba.